Sabo Turken Wawa: Labarin Gandun Dabbobi

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan. A ɗaure ɗan jaki ga turke tun yana ƙarami. Ya ja, ya ja, igiya ta ƙi tsinkewa. Wata ɗaya, wata biyu, sai ya daina ja. Bayan shekara, ko an kwance igiyar, da marece za a tarar da shi tsaye gindin turken nan, kansa ƙasa. Babu mai riƙe da shi. Sabo ne ya riƙe shi.

Haka san noma yake. In ya kai ƙarshen kunya, da kansa yake juyawa, ba sai an yi masa tsawa ba. Kaji ma in sun ji motsin ƙwarya sai su sheƙo, ko da babu tsaba ciki.

To, mutum fa? Ana iya ɗaure mutum da sabo yadda ake ɗaure bisa? Magabata sun riga sun ba da amsa, da suka ce sabo turken wawa. Wannan wata, filin nan zai yi magana bisa wani irin littafi da ya ɗauki wannan tambaya ya bi ta har ƙarshe.

Irin littafin ƙagaggen labari ne, kamar tatsuniya, amma ba don yara su yi barci ba. Marubucin yakan dubi wani mugun hali da ya fara tsiro cikin zamaninsa. Sai ya ce, in aka bar wannan abu ya girma, ina za a kwana? Daga nan sai ya ƙaga wata ƙasa inda abin ya riga ya girma, ya rufe kowa. Turawa suna ce wa irin wannan labari distofiya, wato labarin mugun wuri. Da Hausa sai a ce labarin mugun zamani. Ba duba ba ne. Gargaɗi ne, kamar na dattijon da ya ga hadari ya taso gabas ya ce a kwashe shanya.

Wanda ya rubuta, da wanda ya fassara

Ɗaya daga cikin waɗannan littattafai yana nan da Hausa. Sunansa Gandun Dabbobi. Malam Bala Abdullahi Funtuwa ne ya fassara shi daga Ingilishi, aka buga shi a Ibadan, cikin Najeriya, a shekarar 1975.

Mai littafin na asali wani Bature ne ɗan Ingila, ana kiransa Joj Owel. An haife shi a Indiya a 1903. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin ɗan sanda shekara 5 a ƙasar Bama, lokacin tana hannun Ingila. Ya ga yadda ake mulkin mallaka da idonsa, don da hannunsa aka yi. Abin ya ishe shi, ya aje aikin. Daga baya ya zauna wani ƙauye na Ingila yana kiwon awaki da kaji. Ashe ya san halin bisashe.

Shi da kansa ya faɗi inda dabarar littafin ta zo masa. Wata rana ya ga wani yaro, bai wuce shekara 10 ba, yana kora wani ƙaton dokin jan kaya. Duk lokacin da dokin ya so kaucewa, sai yaron ya zuba masa bulala. Owel ya yi tunani. In da dokin nan ya san ƙarfinsa, yaron bai isa ba. Kuma ya ga haka ake yi wa talaka.

Yadda labarin yake

Wani manomi ne mai suna Nomau, mashayin giya. Yana da gandu cike da dabbobi, amma ba ya kula da su. Wani dare wani tsohon alade, Dattijo, ya tara dabbobin duka. Ya ce da su, su ke noma, su ke ba da nono da ƙwai, amma mutum ke ci. Bayan kwana 3 Dattijo ya mutu. Ba a daɗe ba Nomau ya bugu ya manta ya ba su abinci. Yunwa ta sa suka fasa rumbu, suka fatattake shi da barorinsa. Gandu ya zama nasu.

Da farko abin gwanin daɗi. Suka yi girbi wanda ya fi na zamanin Nomau. Suka shirya dokoki 7, aka rubuta su da farin fenti bisa bangon babban rumbu, inda kowa zai gani. Cikin dokokin an hana dabba kwana bisa gado. An hana shan giya. An hana dabba kashe ƴar uwarta. Ta ƙarshe kuwa ta daidaita kowa da kowa, babu babba babu ƙarami.

Nan ne mai karatu zai buɗe ido sosai, don nan ne gindin labarin yake. An buɗe ajin karatu cikin gandu. Aladu sun iya karatu da rubutu sarai. Wata akuya ta iya, har tana karanta guntayen jarida da ta tsinto bisa juji. Tsohon jaki, Aura, ya iya kamar kowane alade, amma ya ce babu abin da ya isa a karanta. Goɗi ta san baƙaƙe duka, amma ba ta iya haɗa su. Akawal, babban dokin da ya fi kowa ƙarfi da himma, bai wuce baƙi 4 na farko ba. In ya koyi 4 na gaba, sai na farkon su gudu. Tumaki da kaji da agwagi kuwa baƙi ɗaya tak suka sani. Su sai aka koya musu wata gajeruwar magana, mai yabon ƙafa huɗu da kushe ƙafa biyu. Suka riƙe ta, suna maimaitawa dare da rana.

Tun ranar farko nono ya ɓace. Da aka bincika, ashe aladu ke damawa cikin abincinsu. Sai suka turo kakakinsu, Karambana, mai zaƙin baki. Ya ce ai ba don kwaɗayi ba ne. Aladu ke aikin ƙwaƙwalwa, in suka rasa nono za su kasa, in suka kasa kuwa Nomau zai komo. Da jin sunan Nomau kowa ya yi tsit. Daga ranar nan, duk wanda ya buɗe baki da tambaya, da wannan sunan ake rufe masa shi.

Manyan aladu biyu ne, Maitumbi da Ɗantulu, kuma ba sa ga maciji. Maitumbi bai cika magana wurin taro ba. Abin da ya yi, ya ɗauke ƴan kwikwiyo 9 daga wurin uwayensu, ya ce shi zai yi musu tarbiyya. Ya ɓoye su har kowa ya manta da su. Ranar da gardama ta yi zafi, sai ga ƙattin karnuka 9 sun faɗo cikin taro. Ɗantulu ya sha da ƙyar, ya tsere, ba a sake ganinsa ba. Maitumbi ya ce daga yau babu sauran taron shawara. Wasu suka so yin magana. Karnuka suka yi gurnani, tumaki suka ɗauki haddarsu da ƙarfi, har lokacin magana ya wuce.

Sannu a hankali aladu suka koma cikin gidan Nomau, suna kwana bisa gadajensa. Goɗi ta ce ita kam tana tune da dokar da ta hana haka. Ta je gaban bango, ta kasa haɗa baƙaƙen. Ta kira akuya ta karanta mata. Ashe an ƙara kalmomi ga ƙarshen dokar. Yanzu ba gadon aka hana ba, shimfiɗa zane bisa gadon aka hana. Goɗi ta yi shiru. Ta ce watakila ita ce ta manta, tunda ga shi nan a rubuce.

Haka aka yi wa dokar kisa, bayan an sa karnuka sun yayyage waɗanda aka ce maciya amana ne. Haka aka yi wa dokar giya. Wani dare ma aka ji faɗuwar abu. Da aka fito, sai ga Karambana kwance gindin bango, ga tsani a karye, ga fenti ya zube. Dabbobi suka duba, ba su gane komi ba. Aura kaɗai ya kaɗa kai. Ya gane, amma bai ce uffan ba.

Kowace Lahadi Karambana yakan zo da doguwar takarda ya karanta lissafi. Abinci kaza ya ninka, abinci kaza ya ƙaru. Dabbobi suna ji, cikinsu yana kuka. Amma babu mai tune da yadda ake ci zamanin Nomau, balle ya gwada. Tsofaffi suna mutuwa. Waɗanda aka haifa daga baya ba su san wani zama ba sai wannan.

Ina Owel ya samo wannan?

Daga ƙasar Rasha. A 1917 aka yi juyin mulki can, da sunan ma'aikata da manoma. Da mulki ya koma hannun wani mai suna Sitalin, sai aka tilasta wa manoma su haɗe gonakinsu da bisashensu cikin gandun gwamnati. Aka riƙa kwashe hatsi da ƙarfi. A 1932 da 1933 yunwa ta kashe miliyoyin mutane, musamman a Yukren. A Kazakistan kuma, inda makiyaya suke, aka hana su yawon kiwo. Garkuna suka ƙare, mutum fiye da miliyan 1 suka mutu. Duk wannan lokaci jaridun gwamnatin suna ba da labarin ci gaba.

Da Owel ya gama littafin, masu buga littattafai da dama suka ƙi karɓa. Lokacin ana yaƙin duniya na biyu, Rasha kuwa abokiyar Ingila ce wajen yaƙar Jamus. Sai cikin watan Agusta na 1945 ya fito.

Amma in da Rasha kaɗai littafin ya shafa, da tuni an manta da shi. Manomin Bangi ko makiyayin Azarori bai taɓa ganin Rasha ba. Amma ya san bangon nan.

Burtali da gonar aro

A dubi burtali. Kakanni sun bar hanya mai faɗi don bisashe su wuce zuwa mashaya. Bana mai gonar gefe ya ci kunya ɗaya. Babu wanda ya ce komi, kunya ɗaya ce. Baɗi ya ƙara ɗaya, na ɗaya gefen ma ya ƙara. Bayan shekara 20 garke ba ya wucewa sai ya taka shuka. In an tambayi saurayi, sai ya rantse tun haihuwarsa haka burtalin yake. Kuma gaskiya ya faɗa. Shi haka ya tarar.

Haka gonar aro take komawa gonar gado, ranar da shaidu suka ƙare. Haka jingina take zama sayarwa. Babu wanda ya zo da bindiga. Tsani ne da fenti, kaɗan kaɗan.

Don haka ne ƙasar Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, aka yi kwamitocin filaye, waɗanda ake kira kofo. Aikinsu su rubuta sayarwa da aro da jingina da kyauta, su kuma sa alama ga burtali da makiyaya da mashaya. A 2010 aka ƙara wata doka wadda ta tabbatar wa makiyayi haƙƙinsa na tafiya da garke. Wannan ya yi kyau. Amma dabbobin gandu ma suna da doka rubutacciya, da manyan baƙaƙe. Rubutun bai cece su ba, don masu rubutawa su ne kaɗai masu karantawa. Takardar gona da ke cikin aljihun mutum ɗaya, ba ta fi bangon Karambana ba.

Haka littafin bankin hatsi, haka na ƙungiyar masu albasa, haka na kuɗin famfo. In shekara ta zagayo sakatare ya tashi ya ce tiya kaza ta shiga, tiya kaza ta fita, mutum nawa ne cikin taron ke iya karɓar littafin ya duba? Ba a ce sakatare ɓarawo ba ne. Da yawansu masu amana ne, suna aiki ba ko sisi. Amma ko mai amana ya fi samun barci in akwai mutum uku da ke duba lissafinsa.

Akwai wani abu kuma da aladu suka yi, wanda ya fi wannan muni. Bayan an kori Ɗantulu, duk abin da ya lalace sai a ce shi ne. Iska ta rushe gini, Ɗantulu. Mabuɗi ya ɓace, Ɗantulu. Har shanu suka ce yana zuwa cikin dare yana tatse su. Dabbobi suka sami wanda za su ƙi, suka manta da wanda ke cin nono.

Mutane ma ana koya musu ƙiyayya haka. Yaro ya tashi yana jin makiyayi mugu ne, ko manomi azzalumi ne. Bai ga komi ba tukuna, amma an riga an shuka. Ranar da wata ƴar ɓarna ta faru, sai iri ya tsiro gaba ɗaya. A maƙwabciyar jiha, Maradi, an ga ƙarshen wannan hanya. Cikin watan Oktoba na 1991, a yankin Toda, rigimar manoma da makiyaya ta ci ran mutum fiye da 100. Mafi yawansu mata ne da yara na Fulani, waɗanda ba su kora ko akuya cikin gonar kowa ba.

Jarirai da littattafai

Wani Bature ɗan Ingila, Aldos Haksili, ya rubuta nasa labarin mugun zamani a 1932. Sunansa da Ingilishi Brave New World, kamar a ce sabuwar duniya mai ban sha'awa. Gatse ne. Shi ya ce akwai ɗaurin da ya fi na karnuka, wato a sa mutum ya so turkensa.

Cikin ƙasar da ya ƙaga, ba a haihuwa. Cikin kwalabe ake ƙera jarirai, aji 5. Na sama don mulki, na ƙasa don aikin wahala. Akwai wani wuri cikin littafin mai tsayawa a rai. An kawo jariran ajin ƙasa, ƴan wata 8. Aka shimfiɗa musu furanni da littattafai masu hotuna. Suka rarrafa suna murna. Da suka taɓa, sai aka saki ƙara mai firgitarwa, aka sa wutar lantarki ta fizge su. Ana maimaita wannan sau da yawa. In sun girma, ganin littafi kaɗai ya isa ya sa su ja da baya, kuma ba su san dalili ba. Da dare kuma, suna barci, wata murya tana raɗa musu cewa ajinsu ya fi musu, su gode da ba a yi su cikin wani aji ba. In sun farka, sai su ɗauka tunaninsu ne.

Mai karatu zai ce wannan ƙarya ce, ina aka taɓa ƙera mutum cikin kwalba? Gaskiya ne, kwalbar ƙage ce. Amma raɗar ba ƙage ba ce. Cikin Adar da Gobir akwai yaran da tun suna goye ake gaya musu ko su wane ne. Wannan ɗiyan bayi ne. Wannan ba ya auren ɗiyar wane. Wannan ba ya gaba wurin shawara. Wasu ma an gaya musu samun lahirarsu yana ga yardar ubangidansu. Wanda ya tashi da wannan, ba ya bukatar mari ga ƙafa.

Faransa ta hana cinikin mutane cikin ƙasashen nan da doka tun 1905. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Duk da haka ƙungiyar Timidriya, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ta nuna cewa al'adar wahaya ba ta mutu ba a yankin Ƙonni da Madawa da Buza da Illela. Wahaya ita ce yarinyar da aka saya, aka kai gidan mai mata huɗu, ba sadaki ba ɗaurin aure. Ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce kiwo.

Hadijatu Mani tana cikinsu. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240 ga wani mutum na yankin Ƙonni. Ta yi shekara 9 gidansa. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ba ta fita, wai matarsa ce. Ta fita, ta auri wanda take so. Sai aka yanke mata ɗaurin wata 6, wai ta yi aure bisa aure. Ba ta koma turke ba. Da taimakon Timidriya ta kai ƙara kotun ƙasashen CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008, a Yamai, kotun ta ce an bautar da ita, kuma hukuma ba ta kare ta ba. Aka ce a biya ta miliyan 10 na kuɗin sefa.

Abin lura shi ne, dokar tana nan tun 2003. Shekaru tana rubuce bisa bango kafin Hadijatu ta tsaya gabanta ta ce a karanta mata.

Haksili ya ƙaga wani abu kuma. Cikin ƙasarsa akwai wata ƙwaya, soma. Duk wanda ransa ya ɓaci, ko tunani ya dame shi, sai ya haɗiye ta. Baƙin ciki ya tafi, tambaya ma ta tafi. Ma'aikata in sun tashi aiki, har rabonta ake yi musu. Wanda ya san tashoshin mota da garakan albasa na ƙwarin Tarka, ya san ƙanwarta. Tramol magani ne na ciwo mai tsanani, likita ke rubuta shi. Amma samari suna shansa don su yi aikin mutum biyu ba su ji gajiya ba. Gajiya kuwa ita ce mai gaya wa mutum cewa aikin ya fi ladan. Tramol ba ya ƙara lada. Yana dai rufe bakin jiki, har ranar da farfaɗiya ta kayar da mai shi.

Shekarar 1984

Owel ya sake rubuta wani littafin, ya fito a 1949, watanni kaɗan kafin tarin fuka ya kashe shi cikin Janairu 1950. Sunan littafin lamba ce, 1984. Ga mutanen Adar wannan lamba tana da nata labari. Ita ce shekarar babban fari. Ita ce kuma shekarar da aka fara aikin raya ƙasa na Keita da kuɗin Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu bisa kai, suka tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. Owel bai san da wannan ba. Shi dai ya zaɓi wata shekara ce da ke gaba.

Cikin wannan littafi, kowane ɗaki yana da wani allo. Allon yana magana dare da rana, kuma yana gani yana ji. Ba a iya kashe shi. Akwai ma'aikata guda wadda aikinta ke nan, ta gyara tsofaffin jaridu don jiya ta dace da abin da aka faɗa yau. Wata rana aka rage rabon wani abin zaƙi daga giram 30 zuwa 20. Kashegari allo ya ce jama'a sun fito suna godiya don an ƙara rabo zuwa giram 20. Kuma mutane suka yarda. Kwana ɗaya tak.

Yau allon ya zo, amma ba kamar yadda Owel ya zata ba. Babu wanda ya tilasta shi. Mutum ne ke sayar da tunkiya ya saye shi, ya sa aljihu. Salula tana da amfani, babu musu. Da ita mai albasa ke jin farashin Abijan, da ita ɗan cin rani ke aiko da kuɗi. Amma da ita kuma murya ke shigowa ta WhatsApp, ba a san mai ita ba, ba a san garinsu ba. Wannan ya tura, wancan ya tura. Kafin la'asar mutum ya ji ta sau biyar daga mutum biyar, sai ya ce ai kowa ya faɗa. Alhali mutum ɗaya ne ya faɗa, sauran aikin tumakin gandu suka yi.

An riga an ga tsadar irin wannan tun kafin salula ta cika gari. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin shan inna yana hana haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da ɗigon har tsakiyar 2004. Cutar ta sami hanya, ta bazu ƙasashe da dama. Yaran da ta shanye wa ƙafa lokacin, yau manya ne.

Ƙarshen Akawal

A koma gandu. Duk cikin dabbobin babu abin tausayi kamar Akawal. Ba wawa ba ne ga aiki, kuma zuciyarsa fara ce. Magana biyu ya riƙe. Ta farko, duk abin da ya lalace, maganinsa shi ya ƙara himma. Ta biyu, shugaba ba ya kuskure. Da waɗannan biyu ya sallami tunani. Yakan tashi kafin kowa. Shi ke jan manyan duwatsu na ginin injin iska. Ginin ya rushe, ya sake ja. Aka fasa shi, ya sake ja. An yi masa alkawari in ya kai shekara 12 zai huta, a ba shi makiyaya ta kansa.

Saura wata ɗaya ya kai, sai ya faɗi tsakanin itatuwan amalanke, jini yana fita bakinsa. Karambana ya zo da fuskar tausayi. Ya ce shugaba ya shirya a kai shi gidan likita a birni.

Bayan kwana biyu, da tsakar rana, dabbobi suna gona, wani rufaffen keken doki ya shigo. Aka sa Akawal ciki. Dabbobi suka sheƙo suka kewaye keken, suna yi masa sai wata rana. Akwai rubutu da manyan baƙaƙe ga jikin keken, kowa yana ganinsa. Akuya ta fara haɗawa, baƙi baƙi. Sai ga Aura ya ture ta. Tun da aka kafa gandu ba a taɓa ganin tsohon jakin nan da gudu ba sai ranar. Ya karanta da ƙarfi. Keken na mai yanka dawaki ne, mai sayar da fata da ƙashi.

Suka bi keken suna kururuwa. Akawal ya ji, ya yi ta harbin ƙofa daga ciki. Da can shuri biyu ya isa ya farfasa ta. Amma ƙarfin ya riga ya tafi wajen jan duwatsu. Keken ya fita ƙofar gandu.

Bayan kwana 3 Karambana ya tara su. Ya ce yana nan gefen Akawal har ya cika, an ba shi magani mai tsada. Zancen rubutu kuwa, ai likita ne ya sayi keken daga mai yanka dawaki, bai sami sukunin goge tsohon sunan ba. Dabbobi suka yi ajiyar zuciya, hankalinsu ya kwanta. Ba a yi kwana nawa ba aka kawo wani akwati gidan aladu. Daren nan aka ji su suna waƙe-waƙe har tsakar dare. Sun sami kuɗin giya.